Kamikaze, kalmar da aka raba da mutanenta

Tun da Rasha ta fara antaya wa biranen Yukren jiragen Shahed-136 ƙirar Iran a 2022, masu karanta labarai suka riƙe wata jimla: "jirgin kamikaze maras matuƙi". Kwanan nan wani ɗalibina na aji shida ya rubuta a jarrabawar tarihi cewa kamikaze wani samfurin jirgi ne da Japan ta ƙera. Ban ga laifinsa ba, abin da kunnensa ya sha ke nan.

Da Japananci, kami abin bauta ne, kaze kuma iska. Sau biyu, a 1274 da 1281, Kublai Khan sarkin Mongol ya turo jiragen ruwa don cin Japan da yaƙi. A zuwa na biyu guguwar teku ta tarar da rundunarsa a gaɓar tsibirin Kyushu na Japan ta yi kaca-kaca da ita, Japanawa suka ce allolinsu ne suka aiko da iskar. Labarin ya zauna a littattafan makaranta, yara suka tashi da imanin cewa ba a cin ƙasarsu da yaƙi.

Wannan imanin aka tono a 1944, ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu. Tsibirin Saipan ya faɗa hannun Amurka a Yuli, gwamnatin Firaministan Japan Tojo ta rushe, ƙwararrun matuƙa sun ƙare, mai ya yi ƙaranci. Manyan sun san ruwa ya ƙare wa ɗan kada, amma wa zai furta? A Oktoba, a Filifin, Admiral Onishi Takijiro na sojan ruwan Japan ya kafa rundunar kamikaze, wadda matuƙanta za su riƙa afka wa jiragen ruwan Amurka da jirginsu ɗauke da bam. Ranar 25 ga wata suka nutsar da jirgin ruwan yaƙin Amurka mai suna St. Lo. Kafin yaƙin ya ƙare, matuƙa kusan 3,800 sun mutu ta haka, akasari a yaƙin tsibirin Okinawa.

To ina kamikaze a jirgin da babu kowa cikinsa? Ai duk nauyin kalmar yana kan yaron da ke zaune a kujerar. Da yawansu ɗaliban jami'a ne da aka kwashe daga aji bayan soke ɗage musu aikin soja a 1943. Wai 'yan sa-kai ne. Ni dai sa-kan da ake tambayar mutum a gaban kwamandansa da abokansa, ban san sunansa ba.

Masu fassara kalmar da ƙunar baƙin wake sun ɗan matso, amma waɗannan sojojin gwamnati ne cikin kaki, jiragen yaƙi suka nufa, ba kasuwa ko tasha ba.

Onishi kuwa, washegarin da Sarki Hirohito ya sanar da miƙa wuya, wato 16 ga Agustan 1945, ya farke cikinsa, ya bar takardar neman gafarar yaran da ya tura da iyalansu.