Me ya sa lauyan Kano yake tono tsofaffin shari'o'i?

Wani maƙwabcina ɗan kasuwar Dole, mai saro atamfa a Kantin Kwari, ya taɓa yin shari'a a Kano kan kayan da suka iso a jiƙe. Da ya dawo Damagaram sai ya ce mini: "Malam, lauyan nan kuɗina ya ci. Maimakon ya yi maganar kayana, sai ya tari alƙali da rigimar wasu mutane da suka daɗe a ƙasa." Na ce masa: "Alhaji, ai aikin da ka biya shi ke nan."

Mu nan Nijar tsarin Faransa muka gada. Alƙali kundi yake buɗewa ya nemi ayar doka. Kundin Napoleon na 1804 ma, a aya ta 5, ya hana alƙalai mayar da hukuncinsu doka ta kowa da kowa. Hukunce-hukuncen baya suna da nauyi, lauyoyi na kawo su, amma ba su ɗaure alƙali ba. Najeriya kuwa daga Ingila ta gaji nata, inda hukuncin babbar kotu shi kansa doka ne. Abin da Kotun Ƙoli ta Abuja ta yanke, dole kotun ɗaukaka ƙara ta bi, babbar kotun jiha ta bi, majistare ya bi, ko da ransa bai so ba. Ruwa dai gangare yake bi: hukuncin ƙaramar kotu ba ya ɗaure babba. Na wata ƙasa kuma, kamar Ghana ko Indiya, shawara ce kawai.

To amma ba duk abin da alƙali ya faɗa ake bi ba, nan ne mutane ke ruɗewa. Hukunci na iya cika shafi hamsin, abin da ke ɗaurewa kaɗan ne: dalilin da aka gina hukuncin a kansa. Sauran, misalai da "da a ce kaza ne", zancen gefe ne. Wanda ya zauna gaban malamin fiƙihu a zauren Birni zai gane da wuri, don kusan ƙiyasi ne. Ana neman illa, wato dalilin da ya sa aka yi hukuncin. Giya ta haramta saboda maye, saboda haka duk abin da ke bugarwa ya shiga, ko sunansa bai zo ba.

Ga misalin da kowane ɗalibin lauya ya haddace. A 1928, a garin Paisley na Sikotilan, an sayo wa wata mata, May Donoghue, lemon citta a kwalba mai duhu. Ta sha, aka tsiyaye ragowar, sai ta ce ga ruɓaɓɓen dodon koɗi ya fito, kuma ta kwanta ciwo. Ba ita ta saya ba, don haka babu ciniki tsakaninta da kowa. A 1932 alƙalan Majalisar Dattawan Birtaniya, uku cikin biyar, suka ce mai sarrafa kaya yana da haƙƙin kula da wanda zai yi amfani da su. Ƴan shekaru bayan haka wani likita a Ostireliya ya sa kamfai mai ragowar sinadari, fatarsa ta ɓaci. Ina kamfai ina lemo? Amma illar ɗaya ce, kuma ya yi nasara.

Shi ya sa lauyan ɗaya ɓangaren ke ƙoƙarin nuna cewa waccan shari'ar dabam, wannan dabam. Idan alƙali ya yarda bambancin na da tushe, tsohon hukuncin ya sake shi. A ganina nan ne tsarin ke da daɗi, nan ne kuma yake cin aljihu, don mai lauya gwani ya fi samun ƙofar fita.

Idan tsohon hukuncin kuskure ne fa? Kotun da ta fi girma na iya soke shi, majalisa na iya yin sabuwar doka ta rufe shi. Kotun ƙoli ma takan janye maganarta, sai dai ba kasafai ba. Ta Amurka ta halatta raba fari da baƙi a 1896, sai a 1954 ta juya kan batun makarantu. Ta Birtaniya kuwa sai a 1966 ta ba kanta izinin saɓa wa hukuncinta na baya.

Alhaji ya ce to shi yanzu in rigima ta sake tasowa, a kotun ɗaukaka ƙara ta Zinder ma haka za a yi ta tono? Na ce a'a, nan in harkar ciniki ce dokokin OHADA, wato dokokin ciniki na bai ɗaya da Nijar da wasu ƙasashen Afirka ke bi, za a fara buɗe masa.