Harbin faifai a sama: yadda ake tsara fili, da abin da ke damun gajerun maharba

Wanda ya kalli harbin faifai a gasar Olamfik zai ɗauka ido da hannu kaɗai ke raba gardama tsakanin maharba. A can haka ne. Amma a filayen Ingila, inda aka fi yin nau'in da ake kira sifotin, akwai kukan da mata, matasa da maza marasa tsayi suka daɗe suna yi: su kira faifai, inji ya cilla shi, amma sai ya ci rabin tafiyarsa kafin idonsu ya kama shi. Ga amsar tambayoyin da suka fi tasowa a kan wannan batu.

Wane irin wasa ne wannan, kuma me ya sa a Turance ake kiran faifan tantabarar yumɓu?

A da tantabaru masu rai ake sakawa cikin akwatuna, maharbi ya yi kira, wani ya ja igiya, murfi ya buɗe, tsuntsu ya tashi a harbe shi. Har a Olamfik ta Faris a 1900 an yi hakan, aka kashe tantabaru kusan 300. Birtaniya ta haramta wannan a 1921. Tun kafin nan, a 1880, wani mutumin Sinsinati a Amurka mai suna George Ligowsky ya ƙirƙiro faifan yumɓu da ake cillawa a madadin tsuntsu. Sunan tantabarar yumɓu ya bi shi har yau, ko da yake yanzu da kwalta da garin farar ƙasa ake yawan yin sa. Faɗinsa kamar santimita 11, nauyinsa kamar giram 105, galibi ruwan lemo. Ana harbinsa da bindigar farauta, yawanci mai baki biyu, wadda harsashinta ke watsa ƙananan ƙwayoyin dalma. Kalmar da maharbi ke kira da ita har yanzu ma'anarta "ja", gadon waccan igiyar.

Filayen duk tsari ɗaya ne?

A'a, kuma a nan maganar take. A nau'in tiraf na Olamfik, injuna 15 ne a cikin rami, uku-uku a gaban kowace matsaya biyar, maharba na tsaye mita 15 a bayan ramin, faifai kuma yana tashi ya yi tafiyar kamar mita 76. A nau'in sikit ɗakuna biyu ne suna fuskantar juna, ɗaya yana sako faifai daga tsayin kamar mita 3, ɗaya daga kamar mita 1, maharbi yana zagaya matsayu takwas. Duk inda ka je a duniya awon ɗaya ne, gaban maharbi kuma fetal yake, ba shinge ba tudu.

Sifotin dabam ne. An ƙirƙire shi ne don kwaikwayon farauta, saboda haka a daji, kan gangare, bakin kwari ko cikin gonaki ake kafa shi. Maharbi yana tafiya daga matsaya zuwa matsaya, sau da yawa goma zuwa goma sha biyar, ya harbi faifai 100 gaba ɗaya, yawanci bibbiyu. Wani faifan ya gilma ta gefe, wani ya taso daga hasumiya ya wuce ta saman kai, wani ya miƙe tsaye sama kamar agwagwar ruwa da aka razana, wani kuma, wanda ake kira zomo, ya gangaro a ƙasa yana tsalle. Akwai ƙananan faifai na santimita 9 da na santimita 6 da ke yaudarar ido, su sa ka ɗauka sun fi nisa. Ba filaye biyu da suka yi kama, kuma ko fili ɗaya ana sauya masa tsari daga gasa zuwa gasa. Mutum guda, mai tsara fili, shi ke yanke inda inji zai zauna, inda faifai zai bi, da inda maharbi zai tsaya. Daɗin wasan daga nan yake, matsalar ma daga nan take.

Me ya sa ake saka maharbi a cikin keji?

Don tsaro. Kejin firam ne na katako ko ƙarfe ko bututun roba, mai ginshiƙai a gefe biyu, sau da yawa da sanda a gaba da wata a sama. Aikinsa hana mutum juya bakin bindiga zuwa inda jama'a suke in ya bi faifai da zafi. Ƙwayoyin dalma suna tafiya nesa, shi ya sa ƙungiyar CPSA mai kula da wasan a Ingila ta ce a bar mita 275 a gaban matsaya ba kowa. Ba wanda ke jayayya da amfanin keji. Abin dubawa shi ne tsayin sandar gaba. Sandar da ta tsaya a ƙugun dogon mutum tana iya kaiwa haƙarƙarin gajere. In faifan yana can ƙasa cikin kwari, dole a sunkuyar da bakin bindiga, sai bututun ya ci karo da sandar kafin ya isa inda ake so.

Bambancin santimita 25 a tsayi har zai hana mutum ganin faifai?

Zai hana, kuma lissafin ba shi da wuya. A ce akwai shingen ƙaya mai tsayin mita 1.5, mita 5 a gaban matsaya, faifan kuma yana gilmawa a nisan mita 30. Mutumin da idonsa ke mita 1.70 daga ƙasa yana leƙa ta saman shingen, ganinsa yana sauka santimita 20 a kowace mita 5. A nisan mita 30 yana ganin duk abin da ya ɗara rabin mita daga ƙasa. Matar da idonta ke mita 1.45 kuwa ganinta sama yake yi, yana hawa santimita 5 a kowace mita 5, don haka a nisan mita 30 ba ta ganin komai sai abin da ya haura mita 1.75. Santimita 25 a wurin tsayuwa ta zama santimita 125 a wurin faifai. Faifan da ya fito ƙasa-ƙasa, shi ya gan shi tun daga bakin inji, ita sai ya ɗaga sama ko ya kai wata kafa a shingen.

Duk wanda ya tsaya bayan irin wannan matsaya ya ga yadda abin ke kasancewa. Mace ta shiga keji, ta saka harsashi biyu, ta rufe bindiga, ta gyara tsayuwa. Sai ka ga diddigenta ya ɗan bar ƙasa, wuyanta ya miƙe. Ta yi kira. Mutanen da ke bayanta, dogaye, kawunansu sun riga sun juya suna bin faifan, ita bindigarta ba ta motsa ba tukuna. Sannan ta zabura, ta bi shi da gaggawa, ta harba a bayansa. Alƙali ya rubuta kuskure. Wani daga baya ya ce mata ta makara, ta riƙa fara motsi da wuri. Shawarar ta fito daga kyakkyawar zuciya, amma mai ba da ita bai san cewa abin da ya gani ita ba ta gan shi ba.

Ba shinge kaɗai ba. Tudun ƙasa da ake tarawa don kare inji, damin ciyawa da ake jerawa a hanyar zomo, da ciyawa kanta. A Ingila ciyawa tana tashi da sauri a watannin Mayu da Yuni, zomon da ake gani sarai a farkon bazara sai ya koma yana ɓuya yana bayyana. Akwai kuma abin da mutane ba su cika lura da shi ba: ƙasar cikin keji. Dubban ƙafafu sun taka wuri ɗaya, ruwan sama ya zo, wurin ya zama ɗan rami. Dogo ba zai ji ba. Gajere kuwa an ƙara rage masa abin da dama bai ishe shi ba.

To in ya makara da rabin daƙiƙa, ai faifan yana nan a sama?

Yana nan, amma ba inda aka tsara a fasa shi ba. Faifai mai gudun kilomita 72 a awa yana cin mita 20 a daƙiƙa, wato rabin daƙiƙa mita 10 ne. Maharbi yana shirya wurare uku kafin ya yi kira: inda idonsa zai fara kama faifan, inda zai ajiye bakin bindiga yana jira, da inda zai fasa shi. Tsakanin na farko da na uku ne yake karanta gudun faifan da layinsa, ya san yawan ratar da zai bari a gabansa, domin ba faifan ake harba ba, gabansa ake harba su haɗu da dalma. In an ɗauke masa wuri na farko, sauran biyun sun matse. Ga shi faifan yana rage gudu yana fara faɗuwa, ya fi nisa, ya fi wuyar karantawa. In biyu aka sako lokaci guda, jinkirin na farko ya cinye lokacin na biyu.

Anya ba bindigar ce ta yi musu girma ba, ake ɗora wa fili laifi?

Duka biyun ne, kuma kada a raina batun bindiga. Yawancin bindigogin da ke kasuwa an auna su ne da jikin namiji matsakaici. Daga kunama zuwa ƙarshen gindi kamar santimita 36 zuwa 37, bututu santimita 76 zuwa 81, nauyi kilo 3.5 zuwa 4. Mai gajeren hannu da ya ɗauki wannan, hannunsa na gaba zai miƙe sosai, nauyin ya rinjaye shi, sai ya karkata baya don ya daidaita. Mai karkata baya kuwa naushin bindiga ya fi shigarsa, gindin ya zame daga kafaɗa zuwa dantse, kafin matsaya ta shida ya gaji, ya fara ƙifta ido tun bai ja kunama ba. Ana gane gindin da ya dace in aka ɗora kunci a kansa, aka ga ratar kamar yatsu biyu tsakanin hanci da babban yatsan hannun da ke riƙe.

Mata da yawa kuma suna buƙatar bayan gindin ya fi tudu, saboda tsawon wuya da yanayin ƙashin kunci. In ya yi ƙasa, idon dama ya nutse a bayan bindiga, sai na hagu ya karɓi aiki, harbi ya kauce. Kamfanoni sun fara lura: Beretta na da jerin Vittoria, Blaser na da Intuition, akwai kuma Syren, duk don mata. Maƙerin bindiga ma yana iya rage gindi, sai dai bayan yankewa nauyi yana komawa gaba, dole a ƙara ɗan nauyi a baya. Kuskuren da ake yawan yi shi ne miƙa wa ƙaramin mutum bindiga mara nauyi da harsashi mai ƙarfi. Bindiga mara nauyi ta fi naushi. Gara harsashi mai dalma giram 21 ko 24 a madadin mai 28. Amma bindiga ko ta dace kamar an ƙera ta a jikinka, ba za ta nuna maka abin da shinge ya rufe ba.

Dogaye ba su da tasu matsalar?

Suna da ita. Sandar saman keji tana tare bututunsu a kan faifan da ke wucewa ta saman kai, reshen bishiya mai saukowa yana rufe musu sama. Bahago ma yana shan wahala a filin da aka tsara komai daga hannun dama. Sai dai kukan gajeru ya fi yawa, saboda abubuwan da ke tare gani a fili, ciyawa, tudu, shinge, duk daga ƙasa suke tasowa.

Ko dai wasan ne na masu ƙarfin jiki tun asali?

Tarihi bai nuna haka ba. A Olamfik ta Basalona a 1992, lokacin da maza da mata ke fafatawa tare a sikit, Zhang Shan ta ƙasar Sin ce ta ci zinare, ta doke dukan mazan. A 1996 ba a yi sikit na mata ba, sai a 2000 aka kafa musu nasu. Kim Rhode ta Amurka ta ci zinare a Atlanta a 1996 tana 'yar shekara 17, ta kuma ci lamba a Olamfik shida a jere har 2016. Abin lura, duk a filaye ne masu awo ɗaya da gaba a buɗe. Dokokin ma sun san jiki ya bambanta: a sikit na Olamfik ana ɗinka layi a rigar maharbi daidai gwiwar hannunsa, a nan gindin bindiga zai tsaya kafin faifai ya fito, a sifotin na FITASC, hukumar wasan ta ƙasa da ƙasa, kuma layin yana santimita 25 ƙasa da kafaɗa. Daga jikin kowane mutum ake aunawa. Abin da nake so ke nan a yi wa kejin da abin da ke gabansa.

Gajeren maharbi me zai yi a ranar gasa?

Ya kalli faifan gwaji, wanda ake sakowa don a gani kafin a fara harbi, daga kusa da kejin yadda doka ta yarda, a daidai tsayin idonsa, kada ya dogara da bayanin dogon abokinsa. Ya nemi kafar da faifan ke fara bayyana masa, ya matsar da wurin jiran bindigarsa gaba daidai da haka. A cikin keji ma taku ɗaya zuwa gefe ko baya yakan buɗe gani. Kada ya yi ɗage, domin wanda ba ya kan tafin ƙafarsa ba ya iya juya ƙugu, ga naushi na jiransa. Hawa kan akwati ko bulo da bindiga a ɗure kuwa haɗari ne, ban ba kowa shawarar hakan ba. In faifan ba ya ganuwa sam, ya gaya wa alƙali kafin ya harba ko ɗaya, ya kuma kai maganar ga masu gasar. Bayan an rubuta maki, gyara ya yi wuya.

Mai tsara fili fa, me ake nema daga gare shi?

Abu kaɗan, mara tsada. In ya gama saita inji, ya shiga keji ya rage tsawo har idonsa ya sauko kamar mita 1.40, ya sa a sako faifan ya gani da kansa. Ya fi kyau ya zagaya filin tare da mace ko matashi da bahago kafin ranar gasa. A sauke sandar gaba, ko a yi ta mai cirewa, wanda kuma zai taimaki masu harbi daga keken guragu, waɗanda idonsu ya fi na kowa kusa da ƙasa. A cike ramin cikin keji da tsakuwa ko a shimfiɗa daɓe. A yanke ciyawar hanyar zomo a makon gasar. In shinge ba zai taɓu ba, a ɗaga layin faifan kaɗan ko a matsar da kejin mita biyu baya. Mai son gasarsa ta yi wuya yana da gudu, nisa, kusurwa da ƙananan faifai a hannunsa, duk suna gwada dogo da gajere daidai, kuma ba ɗaya daga cikinsu da ke buƙatar a ɓoye faifan a bayan ciyawa.