Kumburin ƙwaƙwalwa, ciwon da ke shiga rigar taɓin hankali

Kwanakin nan duk tashar rediyon da ka murɗa a Katsina sai ka ji ana cewa "larurar ƙwaƙwalwa". Mai gabatar da shiri yana jin nauyin ya ce hauka, sai ya fake da wannan. Matashin da ƙwaya ta juya wa kai an ce yana da larurar ƙwaƙwalwa, haka tsohuwar da mantuwa ta kama, haka yaron da ke fama da farfaɗiya. Kunyar da ta sa ake sakayawa abar yabo ce, amma ta cakuɗa cututtukan da babu ruwan wani da wani. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne "likitan ƙwaƙwalwa". Da wannan suna ɗaya muke kiran mutum biyu: mai duba taɓin hankali, da mai duba ita kanta ƙwaƙwalwar da jijiyoyinta. Iyali su ɗauki marar lafiya ba su san ƙofar wanne suke nema ba.

Akwai ciwon da ke zaune a tsakanin ƙofofin nan biyu. Likitoci na kiransa ensefalaitis, wato kumburin ƙwaƙwalwa. Ba shi ne sanƙarau ba, domin sanƙarau kumburin tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa ne, wannan kuwa naman ƙwaƙwalwar ne ke kumbura. Ƙwayoyin cuta na kawo shi, har da ta ƙyanda da ta cizon mahaukacin kare. Sai wani nau'i da ba a cika samu ba, wanda garkuwar jikin mutum ce ke juyowa kansa, kamar maigadi ya far wa masu gida. Tana kai hari kan wasu ƙananan mashigai da ake kira NMDA, waɗanda ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke karɓar saƙo ta cikinsu. Sai a 2007 aka tantance shi, ta hannun Dakta Josep Dalmau da abokan aikinsa a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka. Ya fi kama mata masu ƙuruciya da yara, kuma a wasu matan wani ƙari a ƙwan haihuwa ne ke tayar da shi.

A kansa aka yi fim ɗin Brain on Fire na 2016, daga littafin da Susannah Cahalan ta fitar a 2012 kan abin da ya same ta. 'Yar jarida ce a New York Post, tana da shekara 24 a 2009, lafiyarta lau. Cikin 'yan makonni ta koma zargin kowa, tana jin maganganun da ba a yi ba, tana kuka tana dariya, sannan jijjiga ta biyo baya. Wani likita ya ɗora laifin kan giya da rashin hutu, wasu suka ce taɓin hankali ne.

Abin da ya warware matsalar farar takarda ce da alƙalami. Dakta Souhel Najjar, haifaffen Siriya, ya ce ta zana agogo. Ta zana da'ira, ta rubuta lambobi daga 1 zuwa 12, amma duk ta cunkusa su a ɓangaren dama, hagu ya zauna fayau. Ita a ganinta agogon ya cika. Kowane ɓarin ƙwaƙwalwa ɗaya gefen yake kula da shi, na dama yana lura da hagu, na hagu yana lura da dama. Wanda ya manta da hagun agogo baki ɗaya, akwai abin da ya taɓa ɓarin dama na ƙwaƙwalwarsa. Daga nan aka gwada ɗan tsokar ƙwaƙwalwar da ruwan ƙashin baya, ciwon ya tabbata, aka ba ta magungunan da ke lafar da garkuwar jiki, ta warke ta koma aiki. Ina jinjina wa wannan gwaji na zanen agogo domin babu na'ura a cikinsa. Likita ne ya ƙi yarda da sunan da aka riga aka liƙa wa marar lafiya, ya zauna ya sake dubawa.

Yanzu a ce yarinyar 'yar Daura ce ko Mashi. Budurwa ta kwana biyu da ciwon kai da ɗan zazzaɓi, ta tashi tana sambatu, tana motsa baki kamar mai tauna, ta sandare, ta daina magana. Wa zai ce asibiti? Aljanu za a ce, ko sammu. Ni ba na faɗa da addu'a, a yi ta, amma a yi ta a bakin gadon asibiti. Wannan ciwo yana kaiwa ga numfashi ya sarƙe da bugun zuciya ya rikice, alhali mafi yawan waɗanda aka kama nasu da wuri suna samun sauƙi sosai. Ba mu manta Oktoban 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutane ɗaure da mari daga wata cibiyar gyaran hali a Daura. Inda ake ɗaure mutum, ba a tsayawa a tambayi me ke damun ƙwaƙwalwarsa.

Sai dai ina da ƙorafi kan yadda wasu ke fahimtar fim ɗin. Sukan sauke ajiyar zuciya su ce, "Ashe ba mahaukaciya ba ce," kamar an wanke ta daga wani abin kunya. To, wanda nasa taɓin hankalin ne fa? Shi ma marar lafiya ne, maganinsa yana nan, mutuncinsa bai ragu ba. Kuma kada wani ya kalli fim ya raba ɗan'uwansa da maganin da likita ya ɗora shi a kai, wai ƙila kumburi ne. Ciwon da wuya a same shi. A ƙasarmu, wanda hankalinsa ya gushe tare da zazzaɓi, zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai ko sanƙarau ne suka fi kusa, su ma kuma ba sa jira.

Abin lura shi ne sauri da abokan tafiya. Mutumin da bai taɓa samun matsala ba ya canza cikin kwanaki ko makonni, ga zazzaɓi, ko jijjiga, ko mantuwa, ko magana ta ɗauke, wannan babban asibiti za a nufa da shi a ranar, irin Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. A faɗa wa likita ranar da abin ya fara da yadda alamomin suka biyo juna, kuma kada a ji tsoron allurar ɗibar ruwan baya idan ya nema, domin a cikin ruwan nan ake ganin ciwon ko da hoton ƙwaƙwalwa ya fito babu komai.