Nunar da akwatin murjani na ruwan gishiri

Nunar da akwatin murjani shi ne jiran da mai kiwon halittun teku yake yi bayan ya haɗa sabon akwatin gilashi, ya zuba ruwan gishiri da duwatsu da yashi, kafin ya saka kifi ko murjani a ciki. Abin da ake jira shi ne wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, bakteriya da danginsu, su hayayyafa a jikin duwatsun har su iya cinye amoniya, wato dattin nan mai guba da kifi ke fitarwa. Yawanci abin yakan ɗauki mako 4 zuwa 6, ko da yake yakan gaza haka ko ya zarce. Murjanin da ake nufi a nan dabba ce mai rai da ke gina tsaunukan ƙarƙashin teku a wurare masu ɗumi. Jan murjanin da ake yin tsakiya da shi ɗan uwansa ne na nesa, daga Bahar Rum.

Masu wannan kiwo suna kiran akwati ƙarami idan bai kai lita 100 zuwa 150 ba, kuma babu iyaka guda da kowa ya yarda da ita. Ƙanƙantar akwati matsala ce: ruwa kaɗan ba ya shanye kuskure, ƙwayar abinci da ta ruɓe a bayan dutse tana iya ɓata shi a dare ɗaya.

Yadda abin yake faruwa

Kifi yana fitar da mafi yawan amoniya ta sassan numfashinsa na gefen kai, sauran kuma ta fito daga kashi da ragowar abinci da duk abin da ya mutu ya ruɓe. A cikin ruwa amoniya takan kasu gida biyu, mai guba sosai da mai sauƙi, kuma pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, shi ne ke raba su. Ruwan teku yana wajen 8 a wannan ma'auni, saboda haka kason mai gubar ya fi yawa a cikinsa fiye da a ruwan kogi da ke kusa da 7.

Rukuni na farko na ƙananan halittun yana mayar da amoniya wani sinadari mai suna naitirait, rukuni na biyu ya mayar da naitirait wani sinadarin mai suna naitiret, wanda gubarsa ba ta kai tasu ba. Na biyun ba ya samun abinci sai na farko ya fara aiki, shi ya sa matakan suke zuwa bi da bi: amoniya ta hau ta sauka, naitirait ya hau ya sauka, naitiret ya yi ta taruwa. Milgiram 1 na amoniya yana zama kusan milgiram 2.7 na naitirait, daga baya kusan 3.6 na naitiret, don haka mai gwaji kan ga lambar tana ƙaruwa ya tsorata alhali babu abin da ya ƙaru sai nauyin oksijin da ya shiga ciki. Aikin yana shan oksijin da yawa, kusan milgiram 4.6 ga kowane milgiram na naitirojin da ke cikin amoniyar, kuma yana sa ruwa ya ɗan yi tsami.

Jinkirin ya samo asali ne daga yadda waɗannan halittu suke hayayyafa. Bakteriyar hanji tana iya ninka yawanta cikin minti 20, su kuwa sukan yi kusan yini guda ko fiye kafin su ninka sau ɗaya.

Tarihi

Masu kiwon halittun teku sun riga masana kimiyya shiga wannan harka. Bafaransiya Jeanne Villepreux-Power ta ƙera akwatunan nazarin halittun teku a tsibirin Sisili wajen shekarar 1832. A Ingila, Anna Thynne ta fara riƙon murjani a gida a 1846, ta raya shi a Landan kusan shekara 3. Da yake teku na da nisa, sai ta sa a riƙa sheƙa ruwan daga wannan mazubi zuwa wancan a gaban taga don ya sha iska, a sake amfani da shi. An buɗe gidan kifi na gidan namun dajin Landan a 1853, shekara ta zagayo Philip Henry Gosse ya fitar da littafin da ya yaɗa wannan sha'awa a gidajen Ingila. Mutanen wancan zamani sun ɗauka tsire-tsire da dabbobi ne kaɗai ke daidaita juna a cikin akwati. Ba su san da na ukun da ke maƙale a jikin duwatsu ba.

Bayanin ya fito ne daga wani wuri dabam, wato binciken tace ruwan ƙazantar birni. A 1877 Faransawa biyu, Schloesing da Müntz, suka cika dogon bututu da yashi da alli, suka riƙa ɗura masa ruwan kwata a hankali. Kimanin kwana 20 amoniya tana fita ta ƙasa yadda ta shiga. Daga nan sai naitiret ya fara bayyana, amoniya ta ɓace. Da suka busa tururin kulorofom, wani maganin sa barci, a bututun aikin ya tsaya cak, da suka zuba ruwan da aka jiƙa ƙasar lambu a ciki ya dawo. Wannan ya nuna abu mai rai ne ke yin aikin. Kwana 20 ɗin da suka yi suna jira shi ne dai jiran da mai sabon akwati yake yi a yau.

Sergei Winogradsky, haifaffen Kiev, shi ne ya ware halittun a Zurich wajen 1890 zuwa 1891, kuma daga gare shi aka samo sunayen Nitrosomonas, mai aikin mataki na farko, da Nitrobacter, mai aikin mataki na biyu. Littattafan kiwon kifi sun yi ta maimaita waɗannan sunaye biyu kusan shekara ɗari. A 1998 binciken Timothy Hovanec da abokan aikinsa ya nuna cewa a akwatunan ruwan daɗi Nitrospira ce ta fi yin aikin mataki na biyu. A 2005 kuma aka ware Nitrosopumilus maritimus daga tsakuwar wani akwati a gidan kifi na Seattle a Amurka. Ita ba ma bakteriya ba ce, daga wani rukunin ƙananan halittu dabam da ake kira akiya take, kuma an gano danginta suna cikin halittun da suka fi yawa a tekunan duniya. A 2015 aka bayyana wasu nau'o'in Nitrospira da ke yin matakan biyu su kaɗai.

Ta ɓangaren masu kiwo, Lee Chin Eng na Jakarta a Indonesiya ya bayyana tsarinsa a 1961: ruwan teku, dutsen da aka ɗebo daga teku da halittunsa, hasken rana da kumfar iska, ba tare da na'urar tace ruwa ba. Da yawa a Turai da Amurka sun gwada sun kasa, wasu ma suka ƙaryata shi. Masu kiwo a Berlin ne suka gyara dabarar a shekarun 1970 zuwa 1980, suka haɗa dutsen da fitila mai ƙarfi da na'urar da ke kwashe datti ta hanyar kumfa.

Dutse mai rai da busasshen dutse

Dutse mai rai ɓaraguzan tsohon murjani ne masu ramuka, da suka daɗe a teku har bakteriya da gansakuka da tsutsotsi da ƙananan ƙaguwa suka zauna a ciki. Idan ya iso da ɗanyensa yana gajarta jira ƙwarai. Idan kuwa ya daɗe a hanya, wasu halittun sun mutu, to shi kansa zai zama tushen amoniya, har ɗaki ya ɗauki wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai.

Amurka ta hana ɗiban irin wannan dutse a ruwan tarayya na gaɓar Florida tun daga 1997, Fiji ma ta sanar da hana fitar da shi a ƙarshen 2017. Yanzu akasarin masu farawa busasshen dutse ko na ƙira suke amfani da shi, wanda babu komai a jikinsa.

Yadda ake yi a yau

Ana haɗa gishirin teku na kanti da ruwan da aka tace sosai, har gishirin ya kai giram 35 a kowane kilo na ruwa, wato 1.025 zuwa 1.026 a ma'aunin nauyin ruwa. Gishirin miya ba ya yi. Zafi ya tsaya tsakanin digiri 24 da 26, famfo ya yi ta juya ruwa dare da rana. Ɗaukewar wuta ta sa'o'i da yawa takan mayar da hannun agogo baya, domin halittun ba sa aiki in babu oksijin.

Sai a ba su abinci. Wasu sukan jefa ɗan guntun ɗanyen jatan lande ya ruɓe, wasu ɗan barbaɗin abincin kifi, wasu kuma su ɗiga ruwan amoniyom kulorayid har gwaji ya nuna milgiram 1 zuwa 2 a lita. Na ƙarshen ya fi sauƙin aunawa. Duk bayan kwana 2 ko 3 a ɗebi ruwa a 'yar kwalba, a ɗiga magani, a girgiza, a jira minti kaɗan a kwatanta da katin launuka. A yawancin kayan gwaji amoniya takan juya ruwan daga ruwan ɗorawa zuwa kore, naitirait kuma zuwa ruwan hoda ko shunayya. Duk wannan lokaci ruwan akwatin yana nan garau, kuma wannan ne ke yaudarar sababbin shiga su yi gaggawar sayo kifi.

Ana cewa akwati ya nuna idan aka sake ɗiga amoniya, cikin awa 24 ita da naitirait suka koma sifili, naitiret kuma ya bayyana. Daga nan a canza wani kaso na ruwan, a fara da dodon koɗi ko kifi ɗaya ko biyu, a bar makonni tsakanin kowane ƙari.

Bayan nuna

Ƙura-ƙura ruwan ƙasa takan rufe yashi da gilashi a makonnin farko, daga baya koren gansakuka ya biyo. Yawanci sukan lafa da kansu.

Saɓani

A da akan saka kifi mai juriya don ya samar da amoniya. Da yawa yanzu suna ganin hakan azabtarwa ce. Ana kuma jayayya a kan bakteriyar kwalba da ake sayarwa, ko tana rage jira zuwa 'yan kwanaki ko a'a, da kuma ko dole ne a jira naitirait ya sauka, tunda kulorayid, sinadarin da ke cikin gishirin ruwan teku, yana rage gubarsa ga kifi sosai. Batun kunna fitila lokacin jira ma ba a daidaita a kansa ba.