Rufin Asirin da Ake Yi wa Mai Fyaɗe

Ni ma'aikaciyar jinya ce a nan Kaduna, kuma abin da ya sa na yi wannan rubutu shi ne yadda ake kawo mana yaran da aka yi wa fyaɗe bayan mako guda, bayan mako uku, wani lokaci ma sai ciki ya bayyana ko ciwo ya fara wari. Idan na tambayi uwa abin da ya hana ta zuwa tun ranar farko, amsar kusan ɗaya ce kullum: "Malama, rufin asiri muka nema." An yi wa yarinya wanka, an gasa ta da ruwan bagaruwa, an wanke kayan da ke jikinta, maza kuma sun zauna a zaure sun yi sulhu, an ba da kuɗin magani, an ce a bar wa Allah.

Iyayena mata, na san abin da kuke tsoro, domin ni ma uwa ce. Kuna tsoron bakin unguwa, kuna tsoron kada ta rasa mijin aure, kuma sau da yawa wanda ya aikata ɗin maƙwabci ne ko ɗan uwa na jini. Amma ku gaya mini, asirin wa kuka rufa? Shi yana yawonsa a kan layi yana gaisawa da mutane, ita kuwa tana ƙunshe a ɗaki tana fitsarin kwance, ba ta cin abinci, ta daina zuwa makaranta. Kun rufa masa asiri ne, kuma kun ba shi damar taɓa 'yar wani gobe.

Maganin da ke kare ta daga cutar ƙanjamau dole ne a fara shi cikin awa 72, na hana ɗaukar ciki kuma ba ya wuce kwana biyar. Duk kwanan da kuka ɓata kuna jiran kawu ya dawo daga tafiya a yanke shawara, daga cikin waɗannan kwanaki kuke cirewa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, dokar da ake yi wa wannan rufa-rufa ba da sauƙi aka same ta ba. Mata da suka sha wannan azaba ne suka cije suka fito suka yi magana, tare da ƙungiyoyin mata da lauyoyi, har aka samu dokar hana cin zarafin jama'a ta tarayya a 2015, jiharmu kuma ta yi tata a 2018. A watan Satumba na 2020 Gwamna Nasiru El-Rufa'i ya sa hannu a kan gyaran dokar hukunta laifuffuka ta jiha, wanda ya tanadi dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa yaro ko yarinya 'yan ƙasa da shekara 14 fyaɗe, da dandaƙa da ɗaurin rai da rai idan wanda aka yi wa ya haura haka. Ana iya muhawara a kan tsananin hukuncin, ana kuma yi. Sai dai alƙali ba ya yanke hukunci a kan ƙarar da aka janye, kuma ba ya aiki da shaidar da aka wanke da sabulu. Masu unguwanni da limamanmu, Allah ya ƙara muku girma, ku daina karɓar irin wannan magana a zaure. Fyaɗe laifi ne babba, wurinsa kotu.

Idan abin ya faru, Allah ya kiyaye, ga abin yi:

Kada a yi mata wanka, kada a gasa ta, kada a wanke kayanta. A naɗe su a takarda mai tsabta.

A kai ta asibiti a ranar, ko da dare ne. Akwai cibiyoyin Salama, masu kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, a asibitin Gwamna Awan da ke Kakuri, da na Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, da na Gambo Sawaba a Zariya, da kuma Kafanchan.

A kai rahoto ga 'yan sanda, kada a karɓi ko sisi daga dangin wanda ake zargi.

Kada a doke ta, kada a tambaye ta abin da ya kai ta wurin.

Yara maza ma ana yi musu, kuma su ne aka fi ɓoyewa. Ku kawo su.