Tambayoyin da ƙannenmu lauyoyi suka ishe ni da su kan sababbin dokoki

Ga amsoshin nan a wuri ɗaya, dan Allah kar wani ya sake tare ni da su a harabar Babbar Kotu ta Bida Road ina sauri.

Oga, wai da gaske an canza dokokin ɗa'ar aikin lauya?

An canza. Na 2007 sun tafi, na 2023 ne ke aiki tun 1 ga Janairun 2024. Je ka karanta.

Na manta ban manna hatimin NBA, ƙungiyar lauyoyin Najeriya, a takardata ba, shikenan shari'ar ta mutu?

Kwantar da hankalinka ƙanena. Tun 2015 Kotun Ƙoli ta ce a shari'ar Yaki da Bagudu wannan abu ne mai gyaruwa, ka nemi izini ka manna. Wanda ba ya gyaruwa shi ne ka sa hannu da sunan ofishinku maimakon sunanka na lauya, shari'ar Okafor da Nweke ta rufe wannan ƙofar tun 2007, amma har yau sai ka ga wani ya yi, haba.

Yaushe ake rufe biyan kuɗin izinin aikin lauya na shekara?

31 ga Maris. Bara ma haka ne.

Tunda an gyara Dokar Shaida a 2023, hirar WhatsApp da wanda nake karewa ya turo min za ta shiga kai tsaye ko?

To nan ne sai a hankali, kuma duk wanda ya ce maka e ko a'a a taƙaice bai taɓa tsayawa gaban mai shari'a ana yi masa suka ba. Gyaran 2023 ya faɗaɗa abin, ya shigo da bayanan lantarki da sa hannu na dijital, har rantsuwar afidabit ta bidiyo ya halatta, amma bai ɗauke maka sashe na 84 mai sharuɗɗan karɓar shaidar da ta fito daga na'ura ba, yana nan daram. Dole ka nuna wayar da saƙon ya fito ana amfani da ita yau da kullum, lafiyarta lau a lokacin, sannan ka faɗi yadda aka ciro saƙon aka buga shi. A shari'ar Kubor da Dickson abin da aka bugo daga intanet watsi aka yi da shi don ba a share wannan fagen ba. Daga baya a Dickson da Sylva ta 2016 an nuna hanya biyu ce, ko shaidar baka ko satifiket mai bayanin na'urar da yadda aka ciro saƙon, sai dai ni ban yarda ka jingina da baka kaɗai ba, don alƙalai ba ɗaya suke kallon abin ba, ka haɗa duka biyun ba abin da zai rage ka. Wa zai sa hannu a satifiket ɗin? Mai wayar, wanda ke sarrafa ta, ba kai ba, ba magatakardan ofishinku ba. In a shagon buga takardu aka buga, ita ma waccan kwamfutar da firintar a ambace su.

Sai abin da ya fi kama mu a nan Kaduna: yawancin hirar da Hausa ake yinta, wata ma saƙon murya ce, alhali harshen Babbar Kotu Turanci ne. Ka kawo fassara, ka tanadi wanda ya fassara ya zo ya tsaya a kanta, in ba haka ba ko an karɓa ba ta da nauyi. Kuma karɓa daban, gamsar da kotu daban, ɗaya ɓangaren na iya cewa ba lambarsa ba ce ko an yanke hirar, don haka a adana wayar, kar a sayar, kar a goge komai. In kuma rikicin aure ne ko gado a kotun Musulunci, sashe na 256 ya cire irin waɗannan ƙararraki daga Dokar Shaida, can ƙa'idar shaida ta Musulunci za ka bi.

Alƙalin Babbar Kotu yanzu sai ya kai 70 zai yi ritaya?

E, tun Yunin 2023. Da 65 ne. In kana jiran wani ya tafi ne, sai ka ƙara haƙuri.

Alhaji ya kawo min kuɗin fili a buhu ya ce in riƙe, in karɓa?

Kar ka soma. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta ce abin da ya haura naira miliyan 5 ga mutum, ko miliyan 10 ga kamfani, ta banki zai bi, kuma lauyoyi na cikin waɗanda ta ambata da suna. Dokokin ɗa'ar 2023 ma sun ɗora maka sanin waye mutumin da inda kuɗinsa suka fito. Wai shi babban mutum ne kana jin nauyinsa? Ranar da EFCC za ta kira, sunanka ne a takardar.

Umarnin kuɗin lauya na 2023 fa, dole ne?

Dole ne, ya sa mafi ƙarancin abin da za a caja, kuma ya danganta da jiha da shekarunka a aiki. Ku ne dai kuke rubuta yarjejeniyar fili a kan kuɗin mai sannan ku zo kuna kukan aiki ba ya biya. Ka buga jadawalin ka ajiye a tebur, mai son ragi ka miƙa masa ya gani da idonsa.