Waiwaye: likitan Najeriyar da ya tayar wa masu ƙwallon Amurka da hankali

In ana maganar Dakta Bennet Omalu mutane da yawa fim ɗin 2015 da Will Smith ya fito a matsayinsa suke tunawa, shi ke nan sai a ce ai shi ne ya gano cutar CTE, wato lalacewar ƙwaƙwalwa da yawan buguwar kai ke jawowa. To gaskiya labarin ya girmi haihuwarsa ma. Tun 1928 wani likita a New Jersey mai suna Harrison Martland ya rubuta cewa tsofaffin 'yan damben boksin suna zama kamar mashaya, tafiya da tangaɗi, magana ana janta, mantuwa kuwa ba a magana. A 1973 kuma Corsellis da abokan aikinsa a Ingila suka duba ƙwaƙwalwar tsofaffin 'yan dambe 15 da suka mutu suka ga ɓarnar da idonsu. Amma duniya ta ɗauka ciwon 'yan dambe ne kawai, kowa ya shiga fili ai ya san me ya taka.

Omalu ɗan jihar Anambra ne, an haife shi a 1968 ana tsakiyar yaƙin basasa, ya karanta likitanci a Jami'ar Najeriya ta Nsukka, ya tafi Amurka a 1994. Aikinsa binciken gawa ne a Pittsburgh. A watan Satumban 2002 aka kawo masa gawar Mike Webster, tsohon ɗan wasan Pittsburgh Steelers, a ƙwallon Amurka irin wadda ake gware da kai ana sanye da hular kwano. Mutumin da ya ci kofin Super Bowl, babban kofin ƙwallon Amurka, sau 4, amma ya ƙare yana kwana a mota, haƙorinsa in ya fita da gam yake mannawa, barci ma wani lokaci sai ya jona wa kansa na'urar shokin lantarki, ya mutu yana ɗan shekara 50 kacal.

Nan ne fa abin yake. Da aka buɗe kan, ƙwaƙwalwar lafiya lau take a ido, ba kumburi ba motsewa, da wani ne da ya rubuta ciwon zuciya ya rufe fayil ya tafi gida. Shi ko ya ƙi, ya sa aka yayyanka ta siriri-siriri aka rina, da kuɗin aljihunsa ma, ya zauna gaban madubin likita har ya ga wani furotin da ake kira tau ya dunƙule ya taru a wurare, irin abin da ake gani a kan tsofaffi masu cutar mantuwa, amma tsarinsa ba daidai da na waccan cutar ta Alzheimer ba. A 2005 ya buga sakamakon a mujallar Neurosurgery.

Shi a tunaninsa godiya za a yi masa. Ina! Likitoci uku na kwamitin NFL, hukumar ƙwallon Amurka, suka rubuta wasiƙa wai a janye takardar. Ba a janye ba, a 2006 ma ya ƙara fito da ta biyu kan wani tsohon ɗan wasan Steelers, Terry Long. Daga nan sai gawawwaki suka fara magana da kansu, tsohon ɗan NFL Andre Waters, sai ɗan kokawa Chris Benoit a 2007. Dubban tsofaffin 'yan wasa suka maka NFL a kotu, a 2013 aka sanar da sulhu na dala miliyan 765, a 2016 kuma wani babban jami'insu ya amsa gaban 'yan majalisa cewa eh akwai alaƙa.

Amma a faɗi gaskiya komai ɗacinta, nauyin hujjar ba shi kaɗai ya ɗauko ba. Ann McKee ta Jami'ar Boston ce ta tara ƙwaƙwale da yawa, a 2017 ta samu cutar a 110 cikin 111 na tsofaffin 'yan NFL, duk da dai iyalan da suka ga alamu ne suka fi ba da gawar nasu, don haka kar a ɗauka kowane ɗan wasa haka yake. Kuma akwai masana da ke ganin Omalu yana cika baki in ya zo ba da labarin kansa. Ni dai a ganina taurin kan nan nasa shi ne gudummawarsa, don ya fitar da maganar daga filin dambe ya kai ta inda kuɗi suke.

Har ƙwallon ƙafar da muke cika gidan kallo dominta ta shigo ciki. Binciken Willie Stewart a Glasgow a 2019 ya nuna tsofaffin 'yan ƙwallon Scotland sun ninka sauran mutane kusan sau uku da rabi wajen mutuwa da cututtukan lalacewar ƙwaƙwalwa, shi ya sa a 2020 Ingila ta hana koya wa yaran firamare sa kai a atisaye. Ni kuwa duk lokacin da na ga an yi kisa a dambe, shago ya sha naushi a muƙamuƙi ya zube, an yayyafa masa ruwa ya miƙe ana kiɗa ana kirari, sai Webster ya faɗo min a rai. Har yau kuma CTE sai mutum ya mutu an buɗe kansa ake iya tabbatar da ita.